Baba ya rikice a gadon asibiti: gigin tsufa ne ko wani abu daban?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ɗan shekara 78 ne, a nan Jos muke. Makon jiya aka kwantar da shi a asibiti saboda tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama, aka ce sanyi ne ya shiga haƙarƙarinsa. Da hankalinsa garau muka kai shi, shi da bakinsa ya yi wa likita bayani. A dare na biyu sai ya fara sambatu, yana kiran ƙanensa da ya daɗe da rasuwa, yana cewa ga mutane nan sun shigo za su tafi da shi, har ya fizge robar ƙarin ruwa. Da safe ya dawo daidai, da magariba abin ya sake tashi. Babban yayanmu ya ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Gwaggonmu ta ce iska ce, a sallamo shi a kai shi gida a yi masa ruƙiyya. Ni kuma ina ganin a roƙi likita ya riƙa yi masa allurar barci. Shin an taɓa yin bincike a kan irin wannan? Kuma zai dawo yadda yake?"

Mai karatu daga Unguwar Rogo

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Tambayarka gida uku ce: mene ne wannan abu, me ya kamata a yi, kuma ina zai kai. Abin da ka siffanta ya yi kama ƙwarai da abin da likitoci ke kira diliriyam, wato rikicewar hankali ta farat ɗaya wadda wani ciwo a jiki ke haddasawa. An yi bincike mai yawa a kansa. Shawarwari ukun da ke gabanku kuwa, ta yayanku da ta gwaggo da taka, babu wadda zan goyi baya yadda take. Kada a zuba ido da sunan haƙuri, kada a sallame shi, kada kuma allurar barci ta zama abin da za a fara da shi.

Inda ya bambanta da gigin tsufa

Gigin tsufa a hankali yake shigowa. Bana ya manta inda ya ajiye carbi, baɗi ya ce ba a ba shi abinci ba alhali yanzu aka ɗauke kwano, bayan wasu shekaru ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa. Ba ya kama mutum tsakanin la'asar da isha'i. Dattijon da shekaranjiya ya yi wa likita bayanin ciwonsa da bakinsa, yau kuma bai san inda yake ba, wani abu ne daga cikin jiki ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma wannan abin ne ya kamata a nemo.

A shekarar 1990 wata likitar tsofaffi a Jami'ar Yale ta Amurka, Sharon Inouye, da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi a asibitoci. Alamomi huɗu yake dubawa. Ta farko, abin ya zo farat ɗaya kuma yana hawa yana sauka a cikin yini guda. Ta biyu, mara lafiya ba ya iya tsayar da hankalinsa a kan abu ɗaya, kana yi masa magana idonsa na bin wanda ya gitta. Ta uku, zancensa ba kai ba gindi. Ta huɗu, farkawarsa ta canja, ko dai ya riƙa zabura ko ya riƙa gyangyaɗi. Idan ta farko da ta biyu sun haɗu, aka ƙara da ɗaya daga cikin biyun ƙarshe, to diliriyam ne har sai an tabbatar da akasin haka. Wannan da ka ce da safe yana dawowa daidai, da magariba ya rikice, shi ne hawa da saukar, kuma shi ne ke yaudararmu. Likitoci kan zo zagaye da safe, lokacin da Baba ke zaune ya sha kununsa yana amsa gaisuwa, sai a rubuta a fayil cewa yana samun sauƙi. Wanda ya kwana da shi ne kaɗai ya san abin da aka sha da dare.

Daga baya likitoci a Edinbara ta ƙasar Sukotlan suka fitar da wani gajeren gwaji mai suna 4AT, wanda ba ya wuce minti biyu. Ana tambayar mara lafiya shekarunsa, ranar haihuwarsa, inda yake, da shekarar da ake ciki, sannan a ce ya lissafo watanni daga Disamba ya yo baya. A wajenmu sai an yi hattara da shi, domin dattawanmu da yawa ba su taɓa riƙe ranar haihuwa ba, wasu kuma ba da watannin boko suke lissafi ba. Ni nakan ce wa dattijo ya faɗo mini ranakun mako daga Juma'a ya koma baya. Mai hankali a tattare zai ce Juma'a, Alhamis, Laraba, ko da a hankali. Wanda ya rikice zai ce Juma'a, Alhamis, ya yi shiru, ya ce Asabar, ko ya shiga wani zancen daban. Kai ma kana iya gwada wannan safe da yamma.

Akwai wani nau'in da ya fi ba ni tsoro fiye da irin na Baba. Shi wannan ba ya ihu, ba ya fizge komai. Kwance kawai yake, ido a lumshe, an kawo abinci ya ƙi, an yi magana ya amsa da ƙyar. Masu jinya su ce alhamdu lillahi yau ya samu barci, ma'aikata su ce ba shi da rigima. Bincike ya nuna irin wannan shi aka fi kasa ganewa, kuma ƙarshensa ya fi muni. Mutum ɗaya yakan iya yin duka biyun, dare da fizge-fizge, rana da laƙwas. Saboda haka in Baba ya yi shiru kwatsam, kada ku ɗauka sauƙi ne sai kun tashe shi kun ga ya farka sosai ya gane ku.

Abin ba baƙo ba ne. Idan aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, kusan ɗaya cikin kowane tsofaffi huɗu da ke kwance a ɗakunan jinya yakan shiga wannan hali, adadin kuma ya fi haka bayan tiyatar karayar ƙugu da kuma a sashen masu tsananin ciwo. A babban asibitin koyarwa na Lusaka, ƙasar Zambiya, wani bincike da aka wallafa a 2021 ya duba manya sama da 700 da aka kwantar, matasa da tsofaffi, ya samu kusan rabinsu a rikice, kuma waɗanda suka rikice sun fi mutuwa cikin wata shida, fiye da ninki biyu.

Abin da ke jawo shi

Abu biyu ne ke haɗuwa: raunin da mutum ya zo da shi, da abin da ya same shi yanzu. Katangar ƙasa da ta sha damina da yawa yayyafi ma yana iya zubar da ita, sabuwa kuwa sai an yi mamakon ruwa. Saurayi sai ciwo ya kai maƙura kafin ya fita hayyacinsa. Dattijo mai shekara 78, wanda ji ya ragu, gani ya ragu, ƙila mantuwa ta ɗan fara ba a lura ba, rashin bayan gida na kwana huɗu ma ya isa ya rikita shi.

A wajen Baba, na farkon abin zargi shi ne ciwon huhun kansa. Ƙwayar cuta na tayar da jiki gaba ɗaya, huhu kuma in ya cika iskar oksijin kan ragu a jini, ƙwaƙwalwa ce ke fara kokawa. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ya kamata a riƙa sa masa har da tsakar dare, ba da safe kaɗai ba. Sai dai a aikace da wuya dalili ya zama ɗaya tak. Biyu ne ko uku suke taruwa, kuma wanda ya tsaya a kan na farko ya bar sauran bai gama aiki ba.

Mu a Jos sanyi na da nasa hannun. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, a Disamba da Janairu dattijo yakan yini bai sha ruwa kofi biyu ba. Dama ƙishirwa na raguwa da tsufa, ga ƙyuyar tashi fitsari cikin sanyi, ga gudun karya alwala. Sai ya zo asibiti jiki a bushe, ƙoda ta fara gajiya. Wanda kuma aka rufe masa ɗaki da kaskon gawayi ya kwana yana shaƙa, wannan iskar kaɗai tana rikita hankali, har kisa tana yi. Nakan tambayi wannan duk lokacin hunturu.

Sai magunguna, kuma a nan nake so ka fi buɗe kunne. Jikin tsoho ba ya fitar da magani da sauri, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta jure abin da ta jure da ƙuruciya. Tun 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fara tattara jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar tana sabunta jerin, na baya-bayan nan a 2023. Da yawa daga cikinsu a kowane kemis na unguwa ana samunsu ba tare da takarda ba. Piriton da Phenergan da ruwan maganin tari masu sa barci suna toshe wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke buƙata don tattara hankali. Valium da danginsa, wato ƙwayoyin sa barci, suna kan gaba. Tiramadol na rikita tsoho, yana kuma rage gishirin jini. Daonil na masu ciwon suga yana iya kayar da suga ƙasa warwas idan mara lafiya ya daina cin abinci amma aka ci gaba da ba shi ƙwayar. Maganin hawan jini mai sa fitsari, irin Moduretic, shi ma yana zubar da gishirin jini. Ba wai magungunan banza ba ne, kowanne da inda yake amfani. Abin da nake roƙon iyalai kullum shi ne a kawo mini ledar magani gaba ɗaya a zazzage a kan gado: na asibiti, na kemis, wanda maƙwabci ya bayar don ya yi masa aiki, da jiƙon da ake sha a gora. Sau da yawa a cikin ledar nan amsa take. Wani lokaci kuma dainawar ce ke jawowa. Wanda ya shekara yana haɗiyar ƙwayar barci kullum, ko wanda ya saba da giya, in aka kwantar da shi abin ya yanke, a kwana na biyu ko na uku sai ya rikice. Kunya kan hana iyali faɗa, amma likita na buƙatar sani, domin maganin wannan daban ne.

Ga dattawa maza, mafitsara. An taɓa kirana cikin dare kan wani dattijo da ya hana ɗaki barci, yana ta jan mazugin wandonsa yana ƙoƙarin sauka daga gado, 'ya'yansa biyu sun danne shi. Da na ɗora hannu a ƙasan cibiyarsa sai na ji mara ta kumbura ta yi tauri. Fitsari ne ya taru ya ƙi fita, shi kuma ba ya iya faɗa. Aka sa roba, fiye da lita guda ta fito, kafin a gama gyara shimfiɗa ya yi barci. Haka ciwon da ba a kashe ba yake yi, haka ma bayan gida da ya taurare. Tsohon da ya rikice ba zai ce nan ke mini ciwo ba, sai dai a gani a yamutsewar fuska da yadda yake kare wurin da hannu.

Abu biyu kuma nake jan kunne a kansu. Na ɗaya, saurin cewa malariya da taifot ne. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, kuma ganin ƙwayar malariya kaɗan a jini bai hana a ce akwai wani abin a gefe ba. Na biyu, ganin ƙwayoyin cuta a fitsarin tsoho. Tsofaffi da yawa, musamman mata, suna ɗauke da su ba tare da ciwo ba, shi ya sa ƙa'idar da ƙwararru kan cututtuka masu yaɗuwa na Amurka suka fitar a 2019 ta ce in babu zazzaɓi ko zafin fitsari, a nemi wani dalilin kafin a ɗora laifi a kan fitsari. Idan kuwa dattijo ya faɗi a makonnin baya ya bugi kai, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, sai a yi maganar hoton ƙwaƙwalwa, domin jini kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai.

Abin da bincike ya nuna yana aiki

Binciken da ya juya tunanin likitoci an wallafa shi a 1999, daga asibitin Yale, ƙarƙashin ita dai Inouye. Marasa lafiya 852 ne, dukkansu daga shekara 70 zuwa sama. Rabi aka yi musu jinya yadda aka saba. Sauran rabin aka sa musu ido a kan abubuwa shida: raunin tunani, rashin barci, zaman gado, raunin gani, raunin ji, da bushewar jiki. Babu wani sabon magani a ciki. Ana tuna musu rana da wuri, ana zama a yi hira da su, ana tayar da su su taka sau uku a rana, ana sa musu tabarau da na'urar ji, ana ba su ruwa, da dare a rage hayaniya, a ba su abin sha mai ɗumi a shafa musu baya maimakon ƙwayar barci. A ɓangaren jinyar da aka saba kashi 15 cikin 100 suka rikice, a ɗaya ɓangaren kashi 9.9. A 2001 wani bincike a Boston kan masu karayar ƙugu 126 ya nuna cewa in likitan tsofaffi na duba su kullum tun daga farko, rikicewa na sauka daga kashi 50 zuwa kashi 32.

Wanda ya fi dacewa da mu shi ne na ƙasar Cile, a 2012. A wani asibiti aka ɗauki tsofaffi 287, aka koya wa iyalan rabinsu abin da za su yi: a kawo agogo da kalanda, a kawo tabarau da haƙoran roba, a ajiye kayan da ya saba gani a gida, a riƙa tuna masa rana da wuri, a tsawaita zama da shi. Inda iyali suka yi haka kashi 5.6 suka rikice, inda ba a yi ba kashi 13.3. Abin da asibitocin Turai ke neman 'yan sa-kai su yi, mu a al'adance muna da shi. Babu dattijon da ake kwantarwa a Jos ba tare da mai jinya ya shimfiɗa tabarma a gefen gado ba. Abin da ya rage a gaya wa mai jinyar aikinsa, ya wuce sayo magani da zubar da fo.

Gaskiya ɗaya ita ce waɗannan alƙaluma na rigakafi ne. Idan abin ya riga ya kama, hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba, kuma yawancin binciken an yi shi ne a asibitocin da nas ɗaya ke kula da mutum ƙalilan, ba ɗaki guda cike ba. Fannin likitancin tsofaffi ma sabo ne a ƙasar nan, cibiyar farko da aka gina musamman dominsu ita ce ta asibitin koyarwa na Ibadan, a 2012. Duk da haka matakan ba su da illa, ba su da tsada, kuma su ne dai ake bi wajen jinyar wanda ya riga ya rikice, tare da maganin abin da ya jawo.

Ga yadda zan fassara su a gadon Baba. Mutum ɗaya ko biyu da ya fi sabawa da su su riƙa kwana, kada a riƙa canja fuska kullum. Duk wanda ya matso ya faɗi sunansa, ya ce Baba asibiti muke, yau Talata, yanzu aka kira azahar. Lokutan salla su ne agogon da dattijonmu ya fi ganewa, a taimaka masa ya yi alwala da ruwan ɗumi ko ya yi taimama, ya yi sallarsa ko a zaune. A sa masa tabaransa da hularsa, a kawo bargon da ya saba da shi da 'yar rediyonsa. Da rana a buɗe labule, a zaunar da shi a kujera, in likita ya yarda a riƙa shi ya taka zuwa ƙofa. Kwanciya ba hutu ba ce ga tsoho. Wani gwaji a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana goma, suka rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafa. Ruwa da kunu da shayi a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, yana zaune a miƙe, sai dai in likita ya ƙayyade ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Idan yana ƙwarewa a dakata a faɗa wa nas. 'Yan dubiya kuwa, Allah Ya ba su lada, amma mutum goma a kan gado kowa na cewa "Baba ka gane ni?" ƙara rikita shi suke yi. Su shigo bibbiyu, su yi addu'a, su fita.

Idan ya ce ga mutane sun shigo, kada a yi masa gardama, kada kuma a ce e ga su nan. A riƙe hannunsa a ce Baba ina nan, babu mai taɓa ka. Tsoron da yake ji na gaske ne. Waɗanda suka warke da yawa suna tuna abin da suka gani, kuma yana damunsu.

Ga Gwaggo, a gaya mata cikin ladabi cewa babu wanda ya hana addu'a. A yi masa tofi, a karanta masa Alƙur'ani a hankali a gefen gado, muryar da ya sani tana kwantar masa da hankali. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a cire shi daga oksijin da allurar kashe ƙwayar cuta a tsakiyar magani. A kuma guji turare mai hayaƙi ga mai ciwon huhu, da ɗura wa wanda bai farka sosai ba rubutu ko jiƙo, domin huhu zai tafi.

Maganar allurar barci da ɗauri

Na san abin da ya sa ka kawo wannan shawara. Wanda ya kwana uku yana kokawa da mahaifinsa ba ya son komai sai ya ga ya runtsa. Amma allura ba ta warkar da diliriyam, rufe shi take yi. A 2018 aka wallafa wani babban gwaji daga Amurka kan mutum 566 da suka rikice a sashen masu tsananin ciwo. An ba wasu Haldol, wato maganin lafar da wanda ya birkice, wasu wani magani danginsa, wasu kuma ruwan da babu magani a ciki. Tsawon rikicewar bai bambanta ba. A 2022 wani gwajin da Denmak ta jagoranta kan mutum 1,000 bai samu cewa Haldol ya ƙara yawan kwanakin da mutum ke yi a raye a wajen asibiti ba. A Ostireliya kuwa, a 2017, cikin masu ciwon ajali, waɗanda aka ba irin waɗannan magunguna alamominsu sun fi na waɗanda ba a ba ba. Valium ya fi su matsala, yana iya mayar da mai fizge-fizge ya koma laƙwas, ya rage masa numfashi, ga mai ciwon huhu kuwa wannan haɗari ne babba.

Ba ina cewa ba a taɓa bayarwa ba. Idan an duba mara, an kashe ciwo, an gyara oksijin, an lallashe shi, amma yana neman ji wa kansa ko wani rauni, ko tsoro ya hana shi sakat, nakan ba da Haldol ɗan kaɗan, kaso ƙarami daga abin da ake ba saurayi, na ɗan lokaci, a kuma sake dubawa kullum. Ba a ba mai cutar karkarwa ta Fakinsin. Valium da danginsa wurinsu shi ne wanda yankewar giya ko ƙwayar barci ta rikita, ko mai farfaɗiya. Wannan hukunci na likitan da ke tsaye a kansa ne, ba abin da za a sayo a kemis a ba shi a ɓoye ba.

Ɗaure hannu da zane a jikin gado ya fi kowanne ɓata mini rai. Tun 1996 binciken Inouye ya lissafa ɗauri cikin manyan abubuwan da ke tayar da rikicewa a asibiti, tare da rashin abinci mai gina jiki, ƙara wa mutum magunguna fiye da uku a lokaci guda, da barin robar fitsari. Mutumin da ke ganin an zo kama shi, in aka ɗaure shi an tabbatar masa da zarginsa. Gara a naɗe wurin allurar da bandeji, a sa masa riga mai dogon hannu, a ba shi carbi ya riƙe, wani ya zauna kusa. Robar fitsari ma, da zarar buƙatarta ta wuce a tambaya yaushe za a cire.

Zai dawo yadda yake?

Da yawa suna dawowa, cikin kwanaki ko mako ɗaya zuwa biyu bayan an magance dalilin, kuma kasancewar Baba da hankalinsa garau ya shigo alama ce mai kyau. Amma ba zan ɓoye maka sauran ba. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2009 ya samu cewa kusan kashi 45 cikin 100 ana sallamarsu da sauran rikicewa, kashi ɗaya cikin uku har bayan wata guda, kusan ɗaya cikin biyar har wata shida. Wani na 2010 ya nuna tsofaffin da suka yi diliriyam haɗarin mutuwarsu a shekarun da ke biye ya kusa ninka na waɗanda ba su yi ba, kuma sun fi shiga gigin tsufa daga baya. Wani lokaci diliriyam ne ke tona mantuwar da ta riga ta fara a ɓoye. Ban ga Baba ba, ban ga sakamakon gwaje-gwajensa ba, saboda haka ba zan ce maka ga ɓangaren da zai faɗa ba. Abin da ke hannunku shi ne rage tsawon kwanakin da zai yi a rikice, domin daɗewarsa na tafiya da munin sakamako.

Akwai abin da ba ya cikin littattafan amma na ga yana raba gidaje. Dattijo a wannan hali yakan ce matarsa ta sa masa guba, ko ɗansa ya sace masa kuɗi, ko wance ce ta yi masa sammu. A gidan da dama akwai 'yan uba, sai wani ya ɗauka a waya ya ce ga shi da bakinsa ya faɗa. Wannan zance ciwo ne ke yinsa. Kada a riƙe shi hujja a kan kowa, kada a ɗauki hotonsa a wannan hali, kada a sa shi sa hannu a takardar fili ko ta banki. In ya furta abin da ya shafi aure ko wasiyya, a kai wa malamai tare da bayanin likita kan halin da yake ciki a lokacin.

Gobe kafin likitoci su zo zagaye, wanda ya kwana da shi ya tsaya, kada ya tafi gida wanka. Ya ce da babban likitan: wannan ba halinsa ba ne, ranar da muka kawo shi shi ya yi bayani da kansa, ga daren da ya fara, ga abin da yake yi. Ku tambaya ko an auna suga, gishirin jini, aikin ƙoda da oksijin na dare, ko an taɓa mararsa, yaushe rabonsa da bayan gida, kuma cikin magungunan da ake ba shi akwai wanda za a iya ragewa. Ku miƙa ledar magungunan gida. Idan a kowane lokaci ya ƙi tasuwa, ko numfashi ya ƙaru, ko ya yi jijjiga, ko gefe ɗaya ya saki, a kira nas nan take, ba sai gari ya waye ba. Bayan sallama a ci gaba da tsarin nan a gida, kada ya kwana shi kaɗai, a bar fitila a hanyar banɗaki, tuƙin mota ko babur ya dakata tukuna. Bayan kamar wata uku a mayar da shi asibiti a gwada tunaninsa a natse, domin a lokacin ne za a iya bambance abin da ciwon ya bari da abin da tsufa ya kawo.